Idon Yaya Bara'atu

Azare, Maris 2017

Zuwa ga Sha'aban,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Zuliha matarka. Mu nan kalau muke, sai zafi da ya fara shigowa. Jannatu ta shiga aji uku na sakandare, ta kusa kamo ni tsawo. Makon jiya na je Katagum na gano kakarmu Dada. Ƙafar dai sai a hankali, amma baki na nan yadda ka san shi.

Kada ka yi mamakin ganin rubutuna. Na gaji da kiran wayarka. Da safe kana tiyata, da yamma kana tiyata, in ka ɗauka kuma "Yaya, zan kira ki" ne. Don haka na koma yadda muke yi lokacin da kake makarantar kwana. Ladan direba, maƙwabcinmu, yana kai kaya Sakkwato, shi zai riƙa kawo maka. Ka ba shi amsa da hannunka. Ba roƙo nake ba. Ni 'yar namiji ce, kai ɗan mace, bawana ne kai tun ranar da aka haife ka.

Abin da ya sa na rubuto, kakarmu ce ta yi mini tambayar da na kasa amsawa. Ta ce, "Wai shi yaron nan ba ya gane karatun ne? Sa'anninsa duk sun gama." Na ce ai likita ne tun tuni. Ta ce to karatun me kuma yake yi? Na ce na ƙwaƙwalwa. Sai ta ce, "Ayya, mahaukata aka ba shi." Yanzu rabin Katagum sun san kana jinyar mahaukata a Sakkwato.

To ka yi mini bayani yadda zan gane, don in gyara maka suna. Ni kaina ina mamaki. Kai da ka suma a zaure ranar da wanzami ya yi wa Baffa ƙaho, sai da na yayyafa maka ruwan randa, wai kai ne kake buɗe kan mutane?

Ka huta lafiya.
Uwargijiyarka,
Bara'atu

Sakkwato, Afrilu 2017

Yaya Bara'atu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, har da ƙullin kuka da daddawar da kika haɗo, Zuliha na godiya. Muna nan lafiya. Na karanta a tsaye a bakin ɗakin tiyata, na yi ta dariya har wata nas ta tambaye ni ko lafiya.

Ki gaya wa Dada masu taɓin hankali da likitansu daban, magani da magana yake yi musu. Namu aikin hannu ne. Mu muke fiɗar ƙwaƙwalwa, da laka da ke cikin ƙashin baya, da jijiyoyin da suka fito daga cikinsu. Ɗan acaɓa ya faɗi jini ya taru masa a ka, mu ake kira mu huda ƙoƙon kan mu fitar da jinin. Jariri aka haifa ruwa yana taruwa a kansa har ya yi ta girma, mu muke sa masa siririn tiyo da zai riƙa janye ruwan zuwa ciki. Ƙari ya fito wa mutum a ƙwaƙwalwa, ko ƙashin baya ya danne jijiya ƙafa ta mutu, duk namu ne.

Batun daɗewa kuwa, haka hanyar take. Bayan digirin likita da aikin koyo da bautar ƙasa, sai na fara koyon tiyata gaba ɗayanta, ta ciki da ta ƙashi da sauransu, na ci jarrabawarta, sannan aka yarda in taɓa kai. Yanzu ina ƙarƙashin wani Babarbare, Farfesa Babagana, muna ce masa Malam. Ba ya yabo. Wata guda na yi ina riƙe masa ƙarfe kawai. In ya ce "ba laifi", sai ka ji kamar an ba ka kujerar Makka. Saura mini 'yan shekaru da babbar jarrabawa ɗaya.

Kin tuno mini da sumana a zaure. Ranar da na fara ganin ƙwaƙwalwar mai rai ma saura kaɗan in maimaita. Ban san tana motsi ba, Yaya. Tana bugawa a hankali tare da zuciya. Na tsaya ina kallo, na ce a raina, sunan 'ya'yan mutumin nan da karatunsa na allo da hanyar gidansu duk a nan suke. Sai Malam ya ce, "Kallo ka zo yi?"

Wani lokaci in na fito bayan doguwar tsayuwa, ba abin da nake marmari sai furar Dada a ƙwaryar nan mai ɗinki a baki, da nonon da ake kawo mata daga rugar Sakwa. Kina tuna yadda kike goya ni ki tsallake kogi da rani, ruwa iya gwiwa, ina ihu kina ce mini rago? Tun rasuwar Innata ban san wani bayan ba sai naki.

Ki gaishe mini da Dada da Jannatu.
Bawanki,
Sha'aban

Azare, Nuwamba 2019

Sha'aban,

Assalamu alaikum, ya ƙarin haƙurinmu? Muna nan lafiya gwargwado. Na daɗe ban rubuto ba, Ladan ya daina zuwa Sakkwato saboda halin da hanya take ciki. Wannan Jannatu ce za ta ɗauki hotonta a waya ta turo maka. Kai ma ka rubuta a takarda ka ɗauko, hannunka nake so in gani.

Na san ka so zuwa jana'izar Dada. Kada ka sa wa ranka damuwa, ita ce da kanta ta hana a gaya maka tana kwance. Ta ce, "Yaron nan yana Ibadan wajen jarrabawa, ku bar shi ya gama, in ba haka ba sai ya sake shekara." Da labari ya zo ka ci, tana da sauran magana a baki. Na ce mata, "Dada, Sha'aban ya gama, ya zama babban likita." Ta ce, "Alhamdulillahi. To ya zo ya duba mini ƙafar nan." Har ta cika ba ta yarda cewa ƙafa ba ɓangarenka ba ce.

Bayan sadakar arba'in na tsaya na kwashe ɗakinta. Gidan ya yi faɗi, Sha'aban. Zauren da ka suma a ciki ya tsage ta gabas, tsamiyar tsakar gida kuwa tana nan, ta yi 'ya'ya ba mai tsinka. Na zauna a gindinta na daɗe. Tun rasuwar baban Jannatu, nan nake zuwa in Azare ta ishe ni. Yanzu ban san inda zan riƙa zuwa ba.

Ina taya ka murna. Ka zo mu gan ka.
Bara'atu

Alƙahira, Fabrairu 2022

Yaya Bara'atu,

Sallama da gaisuwa. Na sauka lafiya, na samu ɗaki kusa da asibitin. Zuliha da yara suna Sakkwato. Ki yafe mini, na so in biyo ta Azare kafin in taso, sai takardun tafiyar suka fito a ƙurarren lokaci. Rabona da ganinki tun kafin rasuwar Dada, na sani.

Za ki ce wai karatu kuma? E, shekara guda ce. Aikin namu rassa gare shi. Wani ya ƙware a ƙashin baya, wani a kan yara, wani a jijiyoyin jini. Ni Malam ya zaɓar mini ƙasan ƙoƙon kai, wajen da ƙwaƙwalwa take zaune, inda jijiyoyin ido da na kunne da na fuska suke ratsawa. Wuri ne matsattse, sai da madubi mai ƙara girman abu ake aiki a cikinsa. Shi kaɗai yake yin sa a wajenmu, kuma ya ce shekaru sun fara ja, yana son ya bar wani a bayansa. Daga bakinsa wannan ya fi "ba laifi".

Garin nan ba ya shiru. Akwai babban kogi, amma sai ka hau gada ka leƙa shi. Jiya na ga mai sayar da gasasshiyar masara, na saya, ba ta kai ta bakin tashar Azare ba.

Ya makaranta? Har yanzu aji huɗu kike koyarwa?
Bawanki,
Sha'aban

Azare, Mayu 2022

Sha'aban,

Assalamu alaikum. Mun yi Sallah lafiya, ina fatan kai ma haka. Jannatu tana kwalejin nan ta Azare, ta koma kwana a can, gidan ni kaɗai ce. An fara ruwa, mutanen Gamawa har sun yi shuka.

Aji huɗun nake koyarwa, amma akwai abin da zan tambaye ka, tunda ka ce jijiyar ido ma taka ce. Na canja tabarau sau biyu bana, bai yi mini komai ba. In na tsaya gaban allo, yaran tsakiya nake gani, na gefe kamar ba su zo ba. Wata yarinya ta yi ta ɗaga hannu a layin taga ban gan ta ba, har ta yi kuka ta ce na tsane ta. Ranar kasuwa kuma keke napep ya kusa kwashe ni, ya fito ta hagu, ni dai sai ƙararsa na ji. Da ciwon kai da safe, amma ba mai yawa ba. Ina jin tsufa ne ya zo da wuri.

Ni na ɗauki hoton takardar nan da kaina, in ta karkace ka yi haƙuri. Kada ka gaya wa Jannatu, jarrabawa ce a gabanta.

Bara'atu

Alƙahira, Mayu 2022

Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Yau ba wasa a takardar nan.

Ba tsufa ba ne, kuma ba aikin tabarau ba ne. Gobe ki je babban asibiti ki ga likitan ido, ki ce ya gwada miki ganin gefe. Daga nan su rubuta miki hoton ƙwaƙwalwa, in ta kama ki je Kano ki je. Duk abin da aka ba ki ki turo mini. Ba zan gaya wa Jannatu ba tukuna, amma kada ki tsallaka titi ke kaɗai.

Sha'aban

Azare, Yuni 2022

Bawana,

Assalamu alaikum. Ina nan da sauƙi. Na je Kano na dawo, na ce wa maƙwabta biki na tafi. Ga hotunan nan na turo.

Likitan ya zaunar da ni ya ce ƙari ne, ya kai girman goro, yana zaune a kan jijiyoyin idona. Ya ce ga alama ba mai yaɗuwa ba ne, amma sai an buɗe kai an cire. Yana magana yana kallon fuskata, yana jiran in fashe da kuka. Na ce masa, "Likita, kada ka damu, ƙanena aikinsa ke nan, a Masar ma yake ƙaro iliminsa." Wallahi har na ji wani alfahari.

A mota ina dawowa na yi ta tunani. Duk shekarun nan da muka yi muna mita ba ma ganinka, ashe Allah ni yake tanadar wa. Ba na jin tsoro ko kaɗan. Hannun da na riƙe na koya wa rubutu a kan yashi, shi zai taɓa kaina. Ka faɗa mini ranar da za ka zo in shirya.

Uwargijiyarka,
Bara'atu

Alƙahira, Yuni 2022

Yaya Bara'atu,

Sallama. Ina rubutu da sauri, ana jirana a tiyata.

Na ga hotunan, na nuna wa malamaina na nan. Gaskiya zan faɗa miki. Wannan aiki ba zan iya yi miki shi ba. Ba wanda zai sa ni in sa miki wuƙa.

Malam Babagana ne zai yi, na riga na yi magana da shi. Ya ce ki taho Sakkwato cikin watan nan, Zuliha za ta sauke ki. Kada a ɗau lokaci, jijiyar ido in ta daɗe a danne ba ta farfaɗowa. Zan kira ki in na fito.

Sha'aban

Alƙahira, Agusta 2022

Yaya Bara'atu,

Assalamu alaikum. Ban san halin da kike ciki ba, don haka ban san yadda zan yi gaisuwar ba.

Na kira har na gaji, da farko ba kya ɗauka, daga baya wayar ta daina shiga. Na rubuto sau uku, shiru. Zuliha ta gyara ɗaki tana jira. Malam ya tambaye ni, "Ina 'yar'uwar taka?" Na yi ta ce wa kaina ko kina shirin tafiyar ne, ko wayar ce ta lalace.

Na karya alkawari. Na kira Jannatu na gaya mata komai. Ita ce ta ce tun da aka yi hutu kika koma gidan Dada a Katagum, kin ce hutawa kike so. Na ce ta hau mota ta kawo miki wannan, ta karanta miki da bakinta, tare da wadda na rubuto a watan Yuni, tun daga farko har ƙarshe. Ki yi fushi da ni in kin so, amma ki amsa. Me na yi?

Sha'aban

Katagum, Agusta 2022

Kawu Sha'aban, ni ce Jannatu. Umma ce take faɗa ina rubutawa. Ta ce kada in gyara mata magana.

Sha'aban,

Wa alaikumus salam. Jiki dai ga shi nan. Idon hagu ya tafi, sai haske da duhu. Na dama yana gani kamar ta cikin kara.

Jannatu ta karanta mini takardarka ta Yuni har sau biyu. Sai yau na san akwai maganar Malam Babagana a cikinta. Ranar da ta zo ni kaɗai ce a ɗaki, rubutunka ƙanana, gilashin waya ƙarami, ina matso da shi ina nesanta shi. Da ƙyar na haɗa "ba zan iya yi miki shi ba" da "na nuna wa malamaina". Na ce shi ke nan, har manyan Masar sun duba sun ce ba ya yiwuwa. Ban ƙara neman sauran ba, na kife wayar. Da ka yi ta kira, na san ban-haƙuri za ka yi, ni kuma ba na son in ji muryarka tana rawa. Sai na tattaro na taho nan. Na ce in makancewa zan yi, gara in makance a gidan da na san kowane lungu nasa ba sai da ido ba.

Ka san abin da nake yi? Da hantsi nake fita in zagaya. In tsaya a bakin kogi in kalli masu su, in kalli shanu suna tsallakawa, in kalli ƙofar makarantar allonmu. Ina tara su ne kafin a rufe.

To yanzu na ji akwai mai yi. Amma ban huce ba. Me ya sa ba kai ba? Baƙo ka yi masa, ɗan acaɓan da ba ka san sunansa ba ka yi masa, ni ce ba za ka iya ba? Na faɗa wa likitan Kano da bakina cewa ƙanena zai yi. Ka ba ni amsa tukuna.

Bara'atu

Kawu, tana kuka amma ta ce kada in rubuta. Don Allah ka zo.

Alƙahira, Agusta 2022

Yaya Bara'atu,

Sallama. Jannatu, ki karanta mata a hankali.

In za mu yi aiki, muna rufe mutum duka da ƙyalle, mu bar wuri kamar tafin hannu. Da gangan ake yi. Wurin nan kaɗai nake gani, shi ya sa hannuna ba ya rawa. Kusa da ƙarin nan naki akwai babbar jijiyar jini, tsakaninsu bai fi kaurin zare ba. A irin wurin nan wani lokaci dole likita ya yanke shawara nan take, ya ci gaba ko ya tsaya. Wanda zai yanke wannan shawara bai kamata ya san muryar wadda ke ƙarƙashin ƙyallen ba. Ni ko an rufe ki da ƙyalle goma na san ke ce. Zan ji tsoro, kuma mai jin tsoro ko ya bar abin da ya kamata ya cire, ko ya taɓa abin da bai kamata ba.

Malam ya yi irin wannan aiki tun ina sakandare. Ni wata shida ke nan da fara koyonsa. Ko ba ke ba ce, shi ya fi ni. Da na san akwai wanda ya fi shi, can zan kai ki.

Na ɗauki izini. Ranar Asabar zan sauka Kano, in taho Katagum in ɗauke ki da kaina. Ki haɗa kaya. Wannan karon bawa ne yake ba da umarni.

Sha'aban

Alƙahira, Oktoba 2022

Yaya Bara'atu,

Assalamu alaikum. Na koma bakin aiki lafiya. Ya ƙarfin jiki? Jannatu ta ce kin fara fita tsakar gida. Ki ci gaba da shan maganin yadda aka rubuta, kada ki ɗauki abu mai nauyi. Malam ya ce sakamakon ƙarin ya fito, ba mai yaɗuwa ba ne, kuma hoton da aka ɗauka bayan aikin ya nuna an kwashe shi tas.

Akwai abin da ban gaya miki ba a can. Ranar aikin na sa kayan tiyata zan shiga, ko tsayawa a gefe in yi. Malam ya tare ni a ƙofa ya ce, "Yau kai ɗan'uwan marar lafiya ne. 'Yan'uwa a benci suke zama." Na koma na zauna tsakanin Jannatu da wani dattijo daga Zamfara da ake yi wa jikansa aiki. Shekara da shekaru ina wuce bencin nan, ban taɓa zama a kansa ba. Duk nas ɗin da ta fito sai in miƙe. Dattijon bai san ni likita ba ne, ya dafa ni ya ce, "Zauna, yaro, sun san aikinsu." Ya ɓaro goro ya ba ni. Muka yi azahar tare, muka yi la'asar tare.

Da Malam ya fito ya cire hula, sai ya sha ruwa. Sannan ya ce, "Idon dama zai dawo in Allah ya so. Na hagu mun makara." Na san haka tun kafin ya faɗa. Da na rubuta takardar nan ta Yuni da manyan baƙaƙe, ko na fara da sunan Malam, wataƙila da yanzu ido biyu gare ki. Ni da na san yadda kike gani, ni na turo miki ƙananan rubutu.

Tun da na dawo, in na gama aiki ba na aika yaro ya yi wa dangi bayani. Da kaina nake zuwa bencin.

Bawanki,
Sha'aban

Azare, Janairu 2023

Sha'aban,

Assalamu alaikum. Ka ga rubutu kamar na 'yan aji ɗaya, to nawa ne, da hannuna, ba Jannatu ba. Ina lafiya. Gashi ya fito ya rufe ɗinkin. Ciwon kai ya tafi. Na koma makaranta makon jiya, shugabar ta ce in zaɓi aji, na ce a bar ni a na huɗu. Na sa an matsar da teburina ɓangaren hagu, ta yadda idon dama zai kwashe ajin duka. In zan tsallaka titi sai na juya kai gaba ɗaya kamar mai sallame sallah, yara suna dariya, ni ma ina yi.

Maganar idon hagu, ka bar ta. Kai ka rubuta da sauri, ni na karanta rabi na kife waya na gudu. In za a raba laifi, kowa zai samu, kuma ba zai dawo da idon ba. Wanda ya rage yana zura zare a allura, ya ishe ni. Ka gaishe mini da Malam Babagana in ka koma. Da zai sallame ni na ce masa, "Ya yaron nan yake a wajen aiki?" Sai ya ce, "Zai fi ni." Ya ce kada in gaya maka. To ni ba malamina ba ne.

Ni ma akwai abin da ban gaya maka ba. Ranar da ka zo Katagum ɗaukata, ban ga fuskarka ba. Inuwa na gani a bakin zaure, da murya. Duk tsawon hanyar Sakkwato, in ka yi magana, fuskar da nake sa maka ita ce ta saurayin nan da ya tafi jami'a da akwatin ƙarfe. Bayan aikin kuma idon ya kumbura ya rufe. Da safen da kumburin ya sace, na buɗe, sai ga taga da labule, da ƙarfen ƙarin ruwa, har da ɗigon da ke sauka. Sannan na ga wani mutum zaune a kujera yana duba takardu, tabarau a kan hanci, furfura ta cinye masa gefen kai da gemu. Na ɗauka wani babban likita ne, har na gyara mayafi zan gaishe shi. Sai ya ɗago ya ce, "Yaya?"

Ka tambaye ni me ya sa nake kuka, ko ciwo ne, na ce maka haske ne ya yi mini yawa. Ba haske ba ne. Ashe ka tsufa a wajen karatun nan, ban sani ba, ba kuma wanda ya gaya mini.

An ce watan gobe za ka gama ka dawo gida. Kafin ka wuce Sakkwato ka biyo ta Azare, ka kwana biyu. Ba sai ka zo da komai ba. Ka zauna a inda haske yake, ta hannun damana, in ƙare maka kallo.

Yayarka,
Bara'atu